Kwaɗon da Na Sa wa Akwatin Allura

Ba yarinya ce ta je Amurka ba. Na tafi ina da shekara arba'in da bakwai, da jika biyu, da gwiwa ɗaya mai ƙara idan zan taso daga sujada. Duk wanda ya san Dije a Daura ya san ban iya rufa-rufa ba, don haka wannan ma zan faɗe shi yadda yake, har da wurin da na sha kunya.

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu kafin na iya rubuta sunana da boko. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka buɗe ajin matan aure a unguwarmu, can bayan Kusugu. Na shiga ne kawai don in riƙa karanta takardar asibiti da kaina, saboda na gaji da kai wa maƙwabta suna sanin ciwon gidana. Daga nan abin ya ƙi tsayawa. Ni da 'yata Nafisa shekara ɗaya muka zauna jarrabawar gama sakandare. Na wuce jami'a na karanta ilimin magunguna, yaran ajinmu suna ce mini Mama, ni kuma ina ce musu su sunkuyar da kai in ga allo. Maigidana, Malam, tela ne. Shi ya riƙe gida da kekensa, bai taɓa ce mini karatun ya isa ba.

Shekara biyar na yi a ɗakin magani na wani asibiti a ƙasarmu ta Daura. Kafin in zo, magani ƙafa gare shi: a ajiye da safe, da yamma a gan shi a kemis. Na zo na kulle komai, har ƙaramin kabad ɗin da ke ɗakin gaggawa. Makullan na zura a igiya na rataya a wuya, ƙarƙashin hijabi. Suna na samu, Hajiya Makulli, kuma ina jin daɗinsa. Nakan bugi ƙirji in ce a hannuna ko allura ɗaya ba ta taɓa ɓata ba.

Yadda na sami gurbin horon ƙwarewa a waje dogon zance ne. Jarrabawar lasisinsu ta kayar da ni sau ɗaya, na tashi na kayar da ita. Abin da ya shafi labarin nan daga cikin guzurina shi ne wani ɗan kwaɗo mai ruwan zinari. Mama Ngozi ce ta ba ni, 'yar Ibo mai shagon kayan ƙarfe kusa da shagon Malam, wadda ta fi shekara ashirin a Daura.

Ta ce, "Dije, ki kulle jakarki. Ɓarawo ba ya jin sanyi, can ma yana nan."

Gaskiyarta kuwa, don shi na fara tararwa. Wani mutum ne da aka haɗa ni da shi ta waya, ya ce shi Bakatsine ne, zai samo mini ɗaki. Ya tare ni a filin jirgi da "sannu da zuwa, Hajiyata," har na ji hawaye. Ɗakin da ya nuna mini a hoto yana da taga babba da rana a ciki. Wanda ya kai ni yana ƙarƙashin ƙasa, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. Wata huɗu da takalmansu na san maƙwabtana. Sannan ya ce mai gidan ba ya son warin daddawa, in ba shi jakar kayan miyata ya ajiye mini a shagonsa. Kullum na tambaya sai ya ce gobe. Rannan na bi kwatance na je shagon da kaina. Ga daddawata a kan kanta an jera ta cikin kayan sayarwa, a robar da Nafisa ta rubuta "Umma" a murfinta.

Na ɗauke ta, na ɗauki kukata da kuɓewata. Ya taso yana "Haba Hajiya, ai sai mu yi magana."

Na ce, "Karanta murfin. Kai ne Umma?"

Ya koma ya zauna.

Shekarar farko horon gama-gari ne, ana zagayawa da kai sashe-sashe. Aikin bai ba ni tsoro ba, shirun garin ne ya kusa kashe ni. Ba sallama, ba kiran salla, ba wanda zai leƙo ya ce ina gajiya. Sai in dafa tuwo in zauna ina kallonsa, don ban saba ci ni kaɗai ba. Wadda ta fara ɗebe mini kewa wata Basomaliya ce mai goge ƙasa a asibitin, Hawa. Ta gan ni ina neman kusurwar da zan yi azahar a bayan ƙofa, ta ja hannuna ta kai ni hawa na uku, wani ɗan ɗakin ajiye barguna. Ta nuna mini alƙibla da sandar gugarta. Tun daga ranar nan ne masallacinmu, mu biyu. Wani lokaci in tarar ta bar mini shayi mai citta a kan shiryayye.

Shekara ta biyu na shiga abin da ya kawo ni, sashen gaggawa. A can mai magani ba ya zama bayan taga yana jiran takarda. A gefen gado yake tsayawa. Likita na buɗe baki kana zuƙo allurar, ka faɗi sunanta da yawanta da ƙarfi kowa ya ji, ka miƙa. Idan likita ya yi kuskure ka tsayar da shi, ko da ya haife ka. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba, bakina dama a buɗe yake. Mai horar da ni Dokta Helen ce, wata siririyar Baturiya da ba ta girmi Nafisa da yawa ba. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma mantuwa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. A ɗakin da ake kai waɗanda rai ke hannun Allah akwai firij, a cikinsa akwai ɗan akwati. Allurar da ke ciki ita ce ke sassauta jikin mutum don a samu a zura masa bututun numfashi. Magani ne mai haɗari, idan ya faɗa hannun banza zai iya kashe mutum. Amma abin da ke tsare da akwatin wata 'yar igiyar roba ce ja mai lamba, wadda ko jikana zai tsinka da yatsa biyu. Kullum na wuce sai na harare ta.

Wata Talata da hantsi na buɗe firij na ga igiyar a tsinke, kwalba ɗaya babu. A raina na ce ashe halin ɗaya ne ko'ina, farar fata ko baƙa. Na cike gurbin kwalbar. Sabuwar igiya sai an je ƙasa an karɓo, Dokta Helen kuma tana taro. Ban tambayi kowa ba. Na ciro kwaɗon Mama Ngozi daga jikin jakata na datse akwatin, na rataya makullin a wuya, na ji zuciyata ta kwanta kamar ina gida. Na ce idan na sauko daga azahar zan yi musu bayani, har ina shirya irin faɗan da zan yi.

Ina raka'a ta uku na ji lasifika tana kiran sunana, da wata irin murya da ban taɓa ji ba. Na sallame, na bi matakala da gwiwar nan tawa. Da na shigo ɗakin na tarar da wani magini a kwance, ya faɗo daga saman gini, bakinsa cike da jini, haƙoransa a datse. Suna matsa masa iska da jakar roba amma ba ta shiga sosai, leɓɓansa sun fara canza launi. Akwatin yana ƙasa, an buga shi da bango bai buɗe ba. Wani nas ƙato mai suna Markus ya riga ya ruga can ƙarshen baranda ya ɗauko wata allurar daga na'urar ajiyar magani. Ni kuwa ina tsaye da makulli a hannu, babu abin da zan buɗe da zai amfani kowa.

Bututu ya shiga. Aka wuce da mutumin. Markus ya juyo ya ɗaga akwatin a gaban fuskata.

"Wane mahaukaci ne ya sa wannan?"

Na ce, "Ni ce. Kuma ba hauka ba ne, sata ake muku ba ku sani ba."

Ya ce, "Ni na tsinke igiyar da safe! Wata mata aka kawo, na yi amfani da kwalbar, na rubuta a allo. Kin duba allon?"

Ban duba ba.

Dokta Helen ta kira ni ofishinta. Na shiga da shirina. Na ce mata tsarinsu sakaci ne, a garinmu wanda ya bar irin wannan magani a buɗe ya ci amana. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ajiye wayarta a kan tebur ta buɗe agogo.

"Dije, minti ɗaya da daƙiƙa arba'in ya jira. Riƙe numfashinki. Zan gaya miki idan ya cika."

Na ce wasan yara za mu yi? Ta ce in riƙe. Na ja iska na riƙe, ina kallonta ido cikin ido don kada ta ce na ji tsoro. Da farko ba komai. Can sai ƙirjina ya fara zafi, kunnuwana suka toshe, wuyana yana fizga da kansa. Na sake iskar da ƙarfi har da tari.

Ta juyo mini da wayar. Daƙiƙa arba'in da takwas.

Ta ce, "Ranar Juma'a kwamitin horo zai zauna a kanki. Suna iya sallamarki. Ban san me zan ce musu ba tukuna."

Na fita na hau hawa na uku na zauna cikin barguna. Ba korar ce ta fara zo mini ba, ko da yake ita ma ba ƙarama ba ce: in koma Daura hannu biyu, bayan mata sun yi ta nuna ni ga 'ya'yansu. Wata mata ce ta zo mini, 'yar Sandamu, da aka taɓa kawowa asibitinmu da jijjigar haihuwa. Allurar da ke tsayar da jijjigar tana cikin kabad ɗin da na kulle. Ni kuma na je salla, daga nan na biya gidan suna a bayan asibiti na yi barka. Da na dawo na tarar da nas-nas suna jirana a bakin kabad. Na buɗe, aka yi mata. Kafin magariba matar ta cika. Mijinta har godiya ya yi mini. Na ce Allah ya jiƙanta, na mayar da makulli wuya, na ci gaba da cewa a hannuna ko allura ɗaya ba ta ɓata ba.

Ban ce da kabad a buɗe yake za ta rayu ba, Allah ne masani. Amma shekara shida ban taɓa tambayar kaina minti nawa ta jira ba.

Hawa ta shigo ta same ni ina kuka. Ta zauna ta dafa gwiwata mai ciwon, har na yi shiru.

Washegari da safe na kira Malam, su can azahar ta wuce, ina jin ƙarar keke a bayansa. Na faɗa masa komai, har da matar Sandamu, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Keken ya tsaya.

Ya ce, "To, Maman Nafisa, idan sun koro ki akwai keke na biyu a shago. Sai dai ba zan ba ki makullin shagon ba."

Na ce, "Malam, ina cikin wannan hali kake tsokanata?"

Ya ce, "Ke da kike faɗa wa kowa gaskiyarsa har cikin gidansa? Yau taki ce ta zo. Ki je ki faɗa musu yadda kika faɗa mini, kada ki rage ko kaɗan."

Ranar Alhamis maginin ya farka, ya gane matarsa, ya nemi ruwa. Na yi sujada a kan tayil ɗin baranda, ban damu da mai kallo ba.

Ranar Juma'a mutum biyar na tarar a bayan tebur. Na ajiye kwaɗon a gabansu. Ban ce kuskure aka samu ba, na ce ni na yi, da hannuna, kuma da na yi har daɗi na ji. Na ba su labarin kabad ɗinmu da igiyar wuyana da matar Sandamu. Wani dattijo mai tabarau ya ce ya ji, amma me zai sa su ci gaba da horar da wadda ta kusa kashe musu mutum?

Na ce, "Don inda zan koma kusan kowane kabad da kwaɗonsa, kuma masu sa shi ba mugaye ba ne, irina ne, gani suke amana suke tsarewa. Idan kun kore ni, ku kun huta. Amma babu wanda zai je ya gaya musu, don ba za su ji daga bakin wanda bai taɓa riƙe makulli ba."

Dokta Helen ce ta ce ita za ta tsaya mini.

Ba a bar ni haka nan ba. Wata uku aka ba ni na gwaji, ba na taɓa komai sai da idon wani a kaina, ni da na haifi sa'o'in wasunsu. Kuma duk sabon ma'aikacin da ya zo, ni zan tsaya a gabansa da kwaɗon in ba shi labarin abin da na yi. Na yi shi sau tara. Na farko da ƙyar na kai ƙarshe, na ƙarshe har dariya na ba su, sannan na sa su riƙe numfashi.

Markus kuwa sati shida bai kalle ni ba. Sai wata rana aka shigo da wata tsohuwa da ta sha hayaƙin gobara. Likita bai rufe baki ba na buɗe firij, na kama igiyar nan ja. Wallahi sai da hannuna ya tsaya, kamar zan yi sata. Na fizge ta. Na zuƙo, na faɗi suna da yawa, na miƙa. Da komai ya lafa Markus ya sunkuya ya tsinci guntun igiyar a ƙasa ya sa mini a tafin hannu.

Ya ce, "Ajiye, Mama Kwaɗo. Ta farko ce."

Sunan ya bi ni har na gama. Ranar da aka ba ni takardar shaida, shi da Hawa ne suka fi kowa tafi.

Da na dawo gida ban huta sati ba na shiga ofishin babban likitanmu. Na ce ina son a cire kwaɗo daga kabad ɗin ɗakin gaggawa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Hajiya Makulli? Ke da kanki? Me suka ba ki kika ci a can?"

Na ce, "Kunya suka ba ni, Likita, kuma na ƙoshi."

Ya ce kafin la'asar za a kwashe komai. Na ce idan an kwashe ni za a tambaya, ba shi ba. Muka yi sati uku muna ja, har ya gaji ya ce in yi abin da na ga dama, amma kada in zo masa da kuka.

Igiyar roba mai lamba ba a samunta a nan. Malam ne ya warware mini. Ya murɗa jan zaren ɗinki riɓi shida, na yanka kwali ƙanana ina sa lamba da sa hannuna. A ɗaure kabad da zaren. Mai bukata ya tsinka, ya rubuta a allo. Sau biyu a rana ina dubawa. Ba zan yi ƙarya ba, a wata na biyu kwalba biyu sun yi ƙafa. Na tara ma'aikatan sashen na yi musu faɗan da har masu jinya suka leƙo. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin kwaɗo a ranar. Na ɗaura sabon zare.

Kwaɗon na mayar wa Mama Ngozi. Ta juya shi ta ce ko bai yi aiki ba ne? Na ce ya yi, har ya wuce. Ta ce ita ba ta karɓar kayan da aka sayar, balle kyauta. Yanzu yana ƙofar akurkin kajina.

Rannan na sauko daga azahar na hango Sista Balki, nas ɗin da ke aikin rana, a bakin kabad, zare a tsinke a hannunta. Tun zamanin makulli take tsorona. Tana ganina ta fara rawar baki.

"Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. Wani mai babur aka kawo daga hanyar Mai'adua, mota ta buge shi. Na aika a kira ki, sai na ga ba zai jira ba, shi ne na..."

Na ce, "Yana numfashi?"

Ta ce, "Yana yi. Yana ma tambayar babur ɗinsa."

Na ce, "To me kike ba ni haƙuri? Rubuta a allo, ki miƙo mini zare."